Fuskar da Na'ura Ta Ce ta Namiji Ce

A tashar Damagaram, shekara ta biyu da damina ta ƙi, Wasila ta ga wata dattijuwa zaune da buhu wayam.

"Inna, ba ki samu geron taimakon ba?"

"Mata ake ba, 'yata. Na'urar biro, can ofishin rabon, ta dubi fuskata, ta ce ni namiji ne."

"Da zanenki da kallabinki?"

"Fuska kaɗai take dubawa. Ma'aikaciyar ta ce in yi murmushi, wai ta nan take gane mace."

"Sai ki yi mana."

"Na gwada. Tun da aka binne jikokina biyu, bakin ya ƙi."

Dattijuwar ta naɗe buhunta, ta ƙara da cewa:

"Ƙila ma na'urar ba ta yi ƙarya ba. Tun da mazanmu suka tafi cin rani, ni ce namijin gidan."