Motocin Ango

A rumfar jiran mota wani saurayi ya zauna kusa da wata malama mai duba aikin lissafin ɗalibanta. Bakinsa ya ƙi rufuwa, irin na wanda bai ɗanɗana aure ba tukuna.

"Malama, jibi aurena! Taimake ni. Mu goma sha takwas ne har da ni, dangin amarya ashirin da huɗu. Dangina da nata ba sa ga-maciji da juna, ba a haɗa su mota ɗaya. Kuma kowace mota ta ɗauki daidai da 'yar'uwarta, kada a ce na yi son kai. Motocin kuma su zama kaɗan."

"Darasin yarana ke nan. Nemo lamba mafi girma da ke raba biyun ba saura. Tara?"

"Ta shiga sha takwas. Ashirin da huɗu ta ƙi ta, kamar yadda surukata ta ƙi ni!"

"Shida fa?"

Ya ƙirga da yatsu, ya daka tsalle. "Shida-shida! Motoci uku namu, huɗu nasu!"

Malama ta yi dariya har jan bironta ya faɗi. "Amaryar fa, a ina ka ƙirga ta?"

"Cikin nasu. Amma a dawowa tana gefena, ai ta zama tamu."

"To kun zama sha tara, su ashirin da uku."

"Me ke raba su?"

"Ɗaya, ƙanena. Kowa da motarsa, arba'in da biyu."

Ango ya zauna a hankali. "Ta biyo danginta. Ma haɗu a gida."