Teɓar da Muka Yi wa Guɗa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ce Hajo, daga Kebbe.

Shekarar da aka samu mulkin kai, yayana Buhari ya ajiye fartanya, ya zama akawun En'e, wato hukumar gargajiya, a Tambuwal. Wuni yake zaune, shayinsa sai suga ya ji. Ranar da ya zo gida da teɓa, Inna har guɗa ta yi, ta ce, "Ɗana ya huta da wahala."

Bara ƙishirwa ta sa shi gaba, fitsari ba iyaka, ya fara ramewa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya riƙo masa zuma, wai jikin ya dawo. Da gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, muka kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce ciwon suga ne, kuma an daɗe da lura cewa ƙiba, yawan zama da kuma gado daga iyaye suna jawo shi. Ashe ramar da ta ɗauke Baba ke nan. Buhari bai ga damina ba.

Yanzu ƙanenmu ya samu irin aikinsa, wuyansa ya fara cika, Inna ta soma murmushi. Masu sauraro, da wane baki zan hana ta wannan murnar?