Na raba sana'a da Dije, na rasa duka biyu

Salamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara maka lafiya, kai da masu saurare. Ni ce Tsahara, tsohuwa daga Madarumfa. Ban iya rubutu ba, faɗi na yi aka rubuta.

Ni da maƙwabciyata Dije mun tsufa muna man gujiya tare, wato man gyaɗa. Ita ke suya da matsa, ni ke kaiwa kasuwa. Da Malam ya rasu na shiga takaba, ba ni fita, sai ta haɗa aikin biyu. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa ce mini, "Inna, Dije fa ta kwashe miki masu saye." Ban tambaye ta ba. Ina fita takaba na aika aka ɗauko mini kaskona. Ta zo da kanta ta ce, "Yaya, mi na yi miki?" Na ce, "Kowa ta yi nata."

Na yi nawa. Ashe ban san wutar suya ba. Gujiya ta ƙone, mai ya yi baƙi yana ɗaci, ƙuli-ƙulin ko akuya ta ƙi ci. Na sake, haka. Jari ya ƙare, na aje sana'ar.

Yanzu Dije na kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta magana. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin tarinta. Mata, ku riƙa tambaya kafin ku yi fushi. Malamai kuma ku gaya mini: in na shiga na roƙe ta gafara, alhali ba ta iya amsawa, ya karɓu?