Taya Huɗu a Baya

HERLINDA: Alo? Chemo, kai ne?

CHEMO: Ni ne, Yaya. Ina wuni?

HERLINDA: Lafiya lau. Ya hanya?

CHEMO: Da sauƙi. Ya La Paz? Ya yaran? Ya maigidan?

HERLINDA: Duk lafiya. Yana can tsakar gida yana share inda za a ajiye ɗakin Baba, ɗakin nan nasa da ake ɗora wa bayan mota. Har reshen mangwaro ya sare, don rufin ya samu wurin ɗagawa. Ya bakin teku?

CHEMO: Sai iska. An buɗe kamun langosta, manyan jatan landen nan, kowa yana kan ruwa.

HERLINDA: Baban fa? Ya idon?

CHEMO: Yana nan.

HERLINDA: Ya ci machaca, dambun naman da na aika?

CHEMO: Ya ci. Ya ce gishiri ya yi yawa.

HERLINDA: Ashe da ƙarfinsa. To kun ɗora ɗakin a mota? Alhamis ƙarfe takwas ne aikin idon nan fa. Wata tara muna bin layi, kuma ka ji abin da likita ya ce in aka ƙara jinkiri.

CHEMO: Yaya... akwai magana.

HERLINDA: Me? Ba na jinka, matsa daga iskar nan.

CHEMO: Na ce akwai magana. Kin san tun watan Yuni da Baba ya sauke ɗakin, ya tsayar da shi a kan ƙafafunsa huɗu na ƙarfe, ya ba ni motar in riƙa aiki da ita.

HERLINDA: Na sani. Me ka yi mata?

CHEMO: Na musanya ta.

HERLINDA: Ka wanke ta?

CHEMO: Musanya! Na ba da ita, na karɓo wata.

HERLINDA: Anselmo. Da cikakken sunanka na kira ka. A-kori-kurar Baba?

CHEMO: Ki tsaya ki ji. Tana shan mai, birkinta sai addu'a. Na ce tsohon nan bai taɓa hawa mota mai sanyi ba, bari in zo masa da babba, mai taya huɗu a baya, ya shiga birni kamar mutum.

HERLINDA: Kai da wa kuka yi shawarar?

CHEMO: So na yi in ba shi mamaki.

HERLINDA: To, ya yi mamakin?

CHEMO: Ta ƙi shiga, Yaya. Kin san mota da baya take shiga tsakanin ƙafafun, sannan a sauke ɗakin a kanta. Wannan ƙugunta ya fi tsakanin faɗi. Taƙi guda ta kowane gefe.

HERLINDA: Ba ka auna ba? Kai da ka girma kana juya ƙafafun nan ana ɗaga ɗakin?

CHEMO: Tsawo na auna. Faɗin bai zo mini a rai ba.

HERLINDA: To sai a... alo? Chemo?

CHEMO: Ina ji. Ban gama ba. Na ɗauka in na ɗan karkato za ta wuce. Na bugi ƙafar gaba ta hagu, ta lanƙwashe. Ɗakin ya sunkuya, kofunan Mama suka zubo.

HERLINDA: Wayyo Allah. Yana ciki?

CHEMO: Yana waje, yana yi mini hannu in tsaya. Ni ban duba madubi ba.

HERLINDA: Ya zage ka?

CHEMO: Da ya zage ni ai da na ji sauƙi. Zagayawa ya yi, ya shafa bayan sabuwar motar da hannu, kin san yanzu da hannu yake gani. Sai ya ce, ina farin layin? Layin fentin da Mama ta ja a tsakiyar tsohuwar, wanda take kallo in zai shiga da baya, tana ce masa dama, hagu.

HERLINDA: Ka ce masa me?

CHEMO: Na ce layin ya tafi da tsohuwar.

HERLINDA: Koma ka karɓo ta. Yau ɗin nan.

CHEMO: Na kira mutumin. Ta haye garin Mexicali tun makon jiya, bai ma san hannun wa take ba.

HERLINDA: A ari ta wani mana. Maƙwabcinku Don Eulalio yana da irinta.

CHEMO: Ko an ara, ƙafa uku ba sa ɗaga ɗaki. Mai walda ya ce sai an aiko da sabuwa daga Ensenada, kwana goma.

HERLINDA: To sa shi a gaban motarka ku taho haka! Ga gado a gidana.

CHEMO: Ke ma kin san amsar. Tun rasuwar Mama ya kwana a gadon wani? Da sharaɗin za a zo da ɗakin ya yarda da aikin tun farko.

HERLINDA: Ni ma da laifina. Tun Agusta ya ce in zo mu ɗora shi tare, na ce aiki ya yi mini yawa, Chemo zai yi. Ba ni shi.

CHEMO: Na gwada, ya ce hannunsa ba sarari.

HERLINDA: Me yake yi? Ƙarar me nake ji haka?

CHEMO: Sifana ce. Da rana ya sa Don Eulalio ya jera bulo, suka sauke ɗakin a kai, har ƙasa. Yanzu kwance ƙafafun yake yi.

HERLINDA: Lanƙwasasshiyar?

CHEMO: Duka huɗun. Yana lalubar notin ɗaya bayan ɗaya, ya hana ni taɓawa.

HERLINDA: Chemo, in ya cire su ai ɗakin ba zai sake hawa mota ba.

CHEMO: Na faɗa masa. Ya ce in gaya miki a ba wani layinsa na Alhamis. Wai nan ya san inda komai yake, ko ba ido.

HERLINDA: Kai masa wayar kunnensa. Ka ce Herlinda ce, ka ce ina roƙonsa...

CHEMO: Yaya, katin ya kusa...

HERLINDA: Baba! Baba, kana ji na? Ka bar ko guda ɗ...