Hannun da Aka Sa Ba a Karanta Ba

A ɗakin jira na wani lauyan haraji a Washington, matar da ke kusa da ni ta kasa zama, sai mita take yi wa wani dattijo.

"Ƙungiyar ƙasa da ƙasa nake wa aiki, Baba. Albashinmu ba ruwansa da haraji, me zan rubuta?"

"Kina da katin zama na dindindin?"

"Shekara shida. Jibi ma za a tantance ni, in zama 'yar ƙasa."

"Jibi? 'Yata, ranar karɓar katin kin sa hannu kin yafe wannan gatan. Takardun haraji masu tantancewar za su tambaye ki."

"Kai lauya ne?"

"Ina! Direba ne ni a irin ofishinku. Sai jiya na karanta tawa takardar da na sa wa hannu."