Idon da Na Baro a Kasuwar Aboabo

Kai Sanusi, ajiye wayar nan, tunda kai ne mai cika baki za ka tafi birni ka zama ɗan fim. Ku ma ku matso. Kun daɗe kuna satar kallon ramin idon nan nawa, yau ku kalle shi da kyau.

Kuɗin motar da ya fitar da ni daga Kamba, injin markaɗen Inna ne. Ta sayar ba ta shawarci kowa ba, ta danƙa mini, ta ce, "Suna mai kyau kawai za ka kawo mini." Na bi ta Gaya, na ratsa Binin da Togo, na faɗa Tamale da takalmi ɗan soso.

Garin babura ke nan, har tsofaffin mata tuƙi suke yi. Hausarsu kuwa sai ka riƙe ciki: mace ya zo, akuya ya haihu. Na kama ɗaki a unguwar Aboabo wurin wata Mma Azara, mai baki kamar reza, ina tura amalanke a kasuwa.

Nan wani mai shirya fim, Fuseini, ya tare ni, ya ƙura mini ido, ya kira ni cale, wato aboki a bakinsu. "Cale, wannan fuska! Allah ya yi ka don sata." Saura kaɗan in kwaɗa masa mari, ashe aiki yake ba ni. Daga ranar na zama ɓarawon kowane fim nasa. In saci akuya, in saci babur, a kama ni, a jibge ni. Kuma dukan ba na wasa ba ne. Na ce wa Fuseini, da muke kira Masa, wato maigida:

"Masa, bulalar nan ta gaske ce fa!"

"Mutanen Tamale ba wawaye ba ne. In ba ka ji zafi ba, ba su saya. Akshin!"

Na yi suna, ban ƙi ba. Amma in na shiga kasuwa sai mata su dafe lalitarsu. Mma Azara ta sa wa madafinta kwaɗo.

"Haba Mma, a fim ne kawai."

"Fim ne ya koya maka tsallake katanga haka? Kwashe kayanka, ɗiyata ya ce yana tsoronka."

Na koma unguwar Choggu. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya ƙona mini rai, finafinan sun iso Kamba ta waya, aka koma kiran Inna uwar ɓarawo. Ta buga mini waya, ta ce: "Sunan da ka samo mini ke nan?" Wallahi ranar na yi kuka kamar yaro.

Ana haka sai ga Turawa sun zo ɗaukar fim, Fuseini ne ɗan jagoransu. Cikinsu akwai wani tsoho, Dogal, mutumin Sikotilan, hancinsa ja kamar tumatir. Ya nuna mini hotonsa na ranar aure sanye da siket, na yi dariya har da faɗuwa. Da guntun Turancina muke hira. Ya ce tun yana saurayi yake wasa, a dandali da a fim, bai taɓa zama jarumi ba. Kullum shi ne mashayi, ko mai gadi, ko mai haƙa kabari. Kowa ya san fuskarsa, ba wanda ya san sunansa. Na ce ashe ina da ɗan'uwa a Turai.

Da ya ga tabon bulala a bayana, ya riƙe baki. "A ƙasarmu ba a taɓa ɗan wasa," in ji shi. Ya koya mini yadda naushi ke wucewa ta gefen kunne, ka juya kai, ka daki cinyarka don a ji ƙara. Ni kuma na koya masa ihun "Ɓarawo!" har ya iya.

A labarin nasu zan fizge jakar tsohon in gudu, amma a ƙarshe in tuba, in dawo cikin farar riga in cece shi. Farar rigar nan ita ce duk burina. Na ce wannan zan aika Kamba, Inna ta ɗaga kai.

Daraktansu wani yaro ne mai gemu, wai shi gaskiya yake so. Ya ɓoye kyamara a saman bene, ya hana a gaya wa 'yan kasuwa komai. Na ja Fuseini gefe.

"Masa, kasuwa ce fa. Ka san abin da ake wa ɓarawo."

"Kowa ya san ka, cale. Dariya za su yi."

Na fizgi jaka, na zuba da gudu. Dogal ya kurma ihun da na koya masa. Kasuwar Aboabo ta tashi gaba ɗaya. Sanin nan da suka yi mini shi ya kashe ni. "Shi ne! Dama mun faɗa!" Mahauci ya zo da gora, mai koko da muciya. Ni wawa har ina juya kai ina dukan cinya. Da na ji jini a baki na hau ihu, "Fim ne! Fim ne!" Wani ya ce yau babu fim, ya zaro sarƙar babur.

Ta tsakanin ƙafafu na hango Dogal. Yana tsaye dafe da ƙirji, yana rawar jiki irin ta tsohon da aka yi wa sata. Wasansa yake yi, don ba a ce "kat", wato a tsaya, ba. Daraktan da ke saman bene kuma bai ce ba.

A asibiti na farka babu ido ɗaya, babu haƙoran gaba. Na tambayi maganar farar riga. Fuseini ya ce darakta ya soke wannan wurin, abin da aka ɗauka ya fi kyau, da shi za a rufe fim. Dogal ya zo da lemo a leda. Ya kama haɓata, ya juya ni wajen taga kamar mai taya rago, idonsa cike da hawaye. Na ɗauka haƙuri zai ba ni. Sai ya ce, "Da ni ke da fuskar nan, da ban taɓa rasa aiki ba." Fuseini ya ce ai har ya tanadar mini sabon fim, ɓarawo mai ido ɗaya.

Na dawo gida. Na tarar da Inna a layin markaɗe da ƙwaryarta, gaban injin da ya kasance nata. Ta shafa fuskata. Har ta koma ga Allah, garin nan bai daina kiranta uwar ɓarawo ba, da iyayenku a ciki.

Kai kuma Sanusi, na san fim ɗin yana cikin wayarka. Na ji ku kuna maimaita wurin sarƙar kuna ƙyalƙyata dariya. Ɗauko, kunna mana. Zan nuna maka daidai inda idon ya fita.