Ranar da Na Hura Bakin Famfo

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ba mai dogon zance ba ne.

Sunana Bitrus. Feshin maganin ƙwari nake yi a gonakin mutane, daga Tsiga har Maska. Ban yi boko ba, rubutun jikin kwalbar maganin ba ya gaya mini komai. Abin da na tarar ana yi shi nake yi: in bakin famfon feshi ya toshe, ka cire ka hura. In an tashi aiki ka sha nono, wai yana kashe dafi.

Daminar bara muna feshin tsutsa a masarar wani Alhaji, famfona ya toshe. Na hura. Maganin ya dawo mini har maƙogwaro. Na tofar, na ci gaba.

Kafin azahar yawu ya ɓalle mini. Ga gumi, ga amai. Ƙirjina kamar an ɗora buhun taki.

Abokin aikina, Malam Sani, ya kai ni gida a mashin. Maza suka taru. Kawuna ya ce, "A danne shi a ɗura masa manja!"

Matata Rifkatu ta tare ƙofar ɗaki. "Kawu, ba za a ɗura ba."

"Ke 'yar nan, kin fi mu sani ne?"

"Ban fi ku ba, Kawu. Amma wata nas ta gaya mana a zumuntar mata: a tuɓe kayan, a wanke jiki da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar."

Ina jin su kamar daga cikin rijiya. Baki ba ya buɗuwa. A zuciyata na ce, "Yesu, numfashi ɗaya nake roƙo. In ka ba ni, zan roƙi wani."

Sai Kawu ya ajiye kwanon manjan. Mutumin da bai taɓa jin maganar mace ba!

Malam Sani ya koma gona da gudu ya ɗauko kwalbar. Suka sa ni a tsakiya a kan mashin, shi da Rifkatu, sai asibitin Funtuwa.

Likita ya duba kwalbar, nan take ya san allurar da za a yi. Daga baya ya ce da an ɗura manjan nan, da ya bi ta huhuna, da ban iso da rai ba.

Halleluya! Ga ni tsaye. Hannuna yana ɗan rawa har yau, amma yana riƙe fartanya.

Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Cetona ya zo ta bakin da aka so a rufe. In ya aiko naku, ku yi shiru ku ji.